Tela Ya Bi Sawun Kakansa

In aka tsai da mutum a kasuwa aka tambaye shi sunan ubansa, nan take zai faɗa. In aka ce, "To, kakanka fa?" watakila ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya tuna. Amma in aka wuce nan, galibin mutane sai su ce Allah ne masani. Ba kuwa abin kunya ba ne, domin talaka ba shi da maroƙi mai tsare masa sunayen kakanni yadda a ke tsare wa sarakuna. Haka ya kan zauna har ya bar duniya bai rasa kome ba, sai fa in wata rana aka yi masa sallama da sammaci. Abin da ya sami wani tela ke nan a wani ƙauye na kudancin ƙasar Kano, cikin shekarar 1994.

Telan nan a lokacin ya ba hamsin baya kaɗan. Ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, amma boko bai same shi ba sai da girma ya zo. Sa'ad da gwamnatin Kano ta kafa hukumar ilmin manya a 1980, aka buɗe aji a makarantar firamare ta garinsu, ya riƙa zuwa bayan la'asar yana zama a kan bencin yara, gwiwoyinsa na dukan tebur. Abokansa na yi masa dariya, shi kuwa buƙatarsa ɗaya ce, watau ya iya rubuta awon masu kawo ɗinki, ya daina ƙulla zare don tuna tsawon riga. Ya sami abin da ya nema, har da ƙari.

Yana da gona ɗaya ta gado, a gefen fadama, da tsohuwar rijiya a tsakiyarta. Da shi da ƙanensa su ke noma ta, kamar yadda ubansu da kakansu suka noma. Shekara da shekaru ba wanda ya dube ta sau biyu. Amma da aka shimfiɗa kwalta ta gefen garin, injin ban ruwa kuma ya yawaita, aka shiga noman tumatir da albasa da rani, sai ƙasar fadama ta zama zinariya. Ana nan sai samarin wani babban gida na garin suka kai ƙara, suka ce gonar rijiya ta kakansu ce, aro aka ba kakan Tela, yanzu kuwa suna bukatar abinsu.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ya sa suka zaɓi kalmar aro. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar Hausa ke hukunci da ita, in mutum ya riƙe gona shekara 10 yana noma ta, mai da'awa yana gari, yana gani, ba abin da ya hana shi magana, amma bai ce uffan ba, to, da'awarsa ta faɗi. Wannan shi a ke kira hauzi. Amma hauzi ba ya cin aro, ko jingina, ko haya. Abin aro ko ya shekara ɗari a hannunka, na mai shi ne. Masu ƙara suka kawo tsofaffi biyu, suka shaida sun ji daga iyayensu cewa asalin gonar daga gidan nan ta fito. Alƙali ya dubi Tela ya ce, "Me ka ce?"

Tela ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a ciki na tashi na ga kakana, a ciki na ga ubana. Ban taɓa jin maganar aro ba."

Alƙali ya ce, "Rashin ji ba hujja ba ne. Ta wace hanya ta shigo hannun kakanka? Saye, ko kyauta, ko saran daji? Na ba ka wata biyu ka zo da abin da za ka zo da shi."

Da ya koma gida bai zame ko'ina ba sai ɗakin gwaggonsa, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan kakan. Labarin da kowa ya sani a gidan shi ne, kakansu almajiri ne ya zo daga gabas neman karatu, ya ga garin ya yi masa, ya zauna. Sana'arsa haƙar rijiya, shi ya sa a ke ce masa Baba Mai Rijiya. Tela ya san shi, domin yana da shekara goma sha uku tsohon ya rasu. Yana tune da shi, gajere, mai kaurin damtse, ba shi da yawan magana, in yana ƙirga awakinsa da maraice kuwa ya kan yi ƙirgan da wani harshe wanda ba Hausa ba ne, ba kuma Larabci ba. Yara suna tsammani Barbarci ne.

Tela ya ce, "Gwaggo, wane gari ne a gabas? Wa ya haife shi?"

Tsohuwa ta ci gaba da kaɗa mazarinta, ta ce, "Ɗan nan, mai tonon rijiya ba ya zaɓen abin da zai tarar a ƙasa. Ka je ka nemi shaidunka, ka ƙyale matattu su kwanta." Bai gane ba a lokacin. Ya ɗauka rigimar tsufa ce.

Wani tsohon masinjan kotu, wanda Tela ya saba ɗinka wa kayan salla, shi ya ba shi shawara. Ya ce, "Ran da kakanka ya rasu ai an raba gado, in an raba gado kuwa an rubuta." Gaskiyarsa. A zamanin En'e, dukiyar mamaci da alƙali ya raba a kan fid da ushira daga cikinta a kai baitulmali, saboda haka ba a wasa da rubuta ta. Talaka ba ya shiga littafin hukuma don an ga kyaun halinsa. Ƙofofi uku ya kan shiga ta cikinsu: haraji, gado, da rigima. Wanda ya zauna lafiya, ya mutu bai bar kome ba, da wuya a sami ko inuwarsa a takarda.

Masinja ya roƙi magatakardan kotu, aka buɗe musu ɗakin ajiya. Abin da Tela ya gani ya sa jikinsa ya yi sanyi. Littattafai ne jibge tun daga ƙasa har kusa da rufi, na ƙasa gara ta mai da su ƙasa, na sama ɗigon damina ya manne su kamar ƙosai, ɓeraye kuma sun yi gida a tsakani. Ba mugunta ta jawo haka ba, sauye-sauye ne. Kotunan alƙalai suna ƙarƙashin En'e har 1968, sa'ad da aka mai da su hannun gwamnatin jiha aka sa musu sunan kotunan yanki. En'e ɗin kanta aka shafe ta da gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Kowane sauyi sai an kwashe kaya daga wannan ɗaki zuwa wancan, wanda ya san inda kome ya ke ya yi ritaya, sabon da ya zo kuwa aikin yau ya ishe shi. Mutane na tsoron gobara a kan takarda, amma ƙaura ta fi gobara cin littafi.

Kwana huɗu Tela yana zuwa, ya ɗaure hanci da rawani, yana ɗaga littafi ɗaya ɗaya. Bai san shekarar da zai nema ba sai da ya yi lissafi da abin da ya tuna: kakan ya rasu da kaka, shekara biyu kafin bikin samun mulkin kai na Jihar Arewa, wanda aka yi a 1959. Ke nan 1957, rabon gado kuwa bayan 'yan watanni. Ran na huɗu ya sami littafin 1958, bangonsa ya tafi, amma cikinsa lafiya lau, an rubuta shi da Hausa cikin boko. A nan ajin la'asar ya biya shi wahalarsa. Ya bi layi da yatsa, da kansa, ba mai karanta masa, har ya kai kan sunan garinsu.

Ga mamaci, ga magada: mata ɗaya, ta sami tumuni, 'ya'ya maza biyu, mace ɗaya. Ga dukiya: jaki, awaki, damman dawa, da kayan haƙar rijiya. Gona kuwa an rubuta an bar ta a hannun magada ba a raba ba. Daga ina ta fito, littafi bai faɗa ba. Sai dai a gaban sunan mamacin, inda aka sa Abdullahi Mai Rijiya, magatakarda ya ƙara kalmomi kaɗan: wanda a ke kira Dangana. Tela bai taɓa jin wannan suna a gidansu ba. Ya kwafe shafin duka cikin littafin awonsa, tsakanin awon wata riga da na wani wando.

Daga nan ya je ofishin hakimi. Bai daɗe ba, domin tun da aka soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979 ba wanda ya sake kula da littattafansu. 'Yan kaɗan da suka saura sun nuna ubansa ya biya haraji, abin da ba wanda ya yi musu a kai. Amma wani malamin hakimi ya ce masa, in tsohon zance ya ke nema, na zamanin Turawan farko, sai Kaduna.

A Kaduna akwai gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa. Asalinsa daga aikin wani masanin tarihi ne, Kenneth Dike, wanda ya sa aka kafa ofishin tattara tsofaffin takardun gwamnati a Ibadan a 1954, daga baya aka yi rassa a Inugu da Kaduna. Na Kaduna shi ya tara takardun lardunan Arewa: wasiƙun Razdan, rahoton Di'o, da littattafan Larabci na malamai. Tela ya sayar da tunkiya, ya ɗauki ɗansa na fari, wanda ke aji biyar a sakandare, domin takardun can da Turanci su ke. Suka bi ta Zariya, suka sauka gidan wani ɗan garinsu mai sayar da hatsi.

Aikin wurin yana da tsari. Ba a barin mutum ya shiga ɗakin ajiya. Akwai littattafan da aka jera sunayen fayil-fayil da lambobinsu, lardi lardi. Mai nema ya duba, ya rubuta lambar abin da ya ke so a 'yar takarda, ya miƙa, ya zauna ya jira. Tela ya zo da tsammanin zai ce a ba shi fayil ɗin kakansa. Ma'aikacin da ya karɓe su ya yi murmushi, ya ce, "Baba, a nan ba a neman mutum da sunansa, sai in sarki ne ko wanda ya ta da fitina. Ka nemi garinku, watakila ka ga sawunsa a gefe."

Aka kawo musu rahoton kimanta haraji na gundumarsu, wanda wani Bature ya rubuta bayan ya zaga ƙasar a kan doki. Irin waɗannan rahotanni abin mamaki ne. Ba don son tarihi aka yi su ba, don a san abin da za a ɗora wa kowane gari ne, saboda haka Bature ya ƙirga maza da mata, shanu da jakuna, marina da maƙera, rijiyoyi da kasuwanni, ya kuma tambayi dagatai asalin garuruwansu ya rubuta abin da suka faɗa masa. Yaro yana karantawa yana fassarawa, uban yana saurare. Suka ji labarin yunwar 1914, wadda ta biyo bayan ƙarancin ruwan 1913, da yadda unguwanni suka watse. Suka ji sunayen dagatai waɗanda Tela ya san jikokinsu. Yana jin daɗi kamar mai kallon garinsu daga kan dutse.

Suna cikin haka sai idon Tela ya faɗa kan wata kalma a tsakiyar Turanci, kusa da sunan unguwarsu. Bai jira fassara ba, domin kalmar Hausa ce, ya haɗa baƙaƙenta da kansa: rinji. Yaron bai san ta ba. Uban ya sani. Rinji shi ne ƙauyen da mai dukiya ko basarake ya kan zaunar da bayinsa su yi masa noma. Rahoton ya ce unguwar rinjin wani gida ce tun kafin zuwan Turawa, gidan kuwa shi ne na masu ƙararsa.

Ya yi shiru har ma'aikacin ya lura. Mutumin kirki ne, ya saba ganin irin wannan shiru. Ya jawo kujera ya yi musu bayani a hankali. Ya ce Turawa sun ci Kano a 1903, amma ba su 'yanta bayi gaba ɗaya ba, don suna tsoron gonaki su mutu, manya kuma su yi musu tawaye. Abin da dokarsu ta 1901 ta yi shi ne, ta hana kamu da sayarwa, ta kuma ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na shekarar nan ɗa ne. Wanda ya riga ya zama bawa kuwa, hanyar da aka buɗe masa ita ce ya je gaban alƙali a yanka masa kuɗin fansa, ya biya, a ba shi takarda. Mutane fiye da 50,000 suka fita ta ƙofar kotu zuwa ƙarshen 1917. Ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Ya ce, "In kakanka ya fanshi kansa, alƙali ya rubuta. Ga sunan alƙalin gundumarku na shekarun nan a cikin wannan fayil. Irin waɗannan gidaje ba su zubar da takarda."

A hanyar komowa yaron ya ce, "Baba, ke nan mu bayi ne?" Tela ya ce, "Ban sani ba tukuna. Kada ka faɗa wa kowa."

A nan ne mutum mai rauni zai tsaya. Tela ma ya tsaya, mako guda cur, yana taka keken ɗinki, yana ɓata wuyan riguna. Amma wa'adin alƙali yana matsowa, kuma wanda ya fara jin ƙamshin labarin kakansa ba ya iya barci a kan rabin zance. Ya shiga birnin Kano, ya yi tambaya unguwa unguwa, har aka nuna masa zauren jikan alƙalin, wani malami dattijo mai almajirai. Zuwan farko gaisuwa kawai suka yi. Zuwa na biyu ya kai goro, ya faɗi buƙatarsa. Malam ya ce littattafan kotu na ainihi an mai da su ga En'e tun da daɗewa, amma kakansa yana da al'ada, kowace shari'a sai ya fara rubuta ta a warwaren takarda kafin a shigar a littafi, waɗannan kuwa suna nan cikin gafaka, ba a taɓa su ba tun rasuwar mahaifinsa. Ya ce a ba shi kwana bakwai.

Ran zuwa na uku Malam ya sallami almajirai, ya shimfiɗa buzu, ya kwance gafaka. Takardu ne masu kauri, irin waɗanda fatake ke kawowa ta hamada, in an ɗaga su a rana a ga wata uku a jikinsu. Tawadar ta koma ja, amma ba ta gudu ba. Malam ya ce, "Da Abdullahi ka ba ni, da ban same shi ba, domin Abdullahi ya fi ɗari a nan. Dangana kuwa ɗaya ne."

Takarda ta farko, da Larabci, ta ce wani bawa mai suna Dangana, Bawarje, wanda aka kamo yana yaro, ya zo gaban alƙali tare da ubangijinsa. Sun daidaita a kan wuri 240,000, watau keso 12, domin keso ɗaya wuri 20,000 ne. Ya biya a cikin shekara huɗu, ubangijin ya yi iƙirarin ya karɓa duka, shaidu biyu suka shaida, alƙali ya hukunta shi ɗa ne, ya zaɓi sunan Abdullahi. Malam ya ƙara bayani daga saninsa: irin wannan bawa mai sana'a ya kan biya murgu, watau abin da ya ke ba ubangijinsa don a bar shi ya yi aikin kansa, abin da ya saura kuwa shi ya ke tarawa na fansa. Ke nan kowace rijiya da tsohon ya haƙa da rani, biyu ya ke biya daga cikinta.

Shekarar ba da lamba aka rubuta ta ba, da ramzi ne, baƙaƙe huɗu: shin, sin, lam, alif. A lissafin malaman ƙasar nan, wanda suka gada daga Magrib, shin 1000 ne, sin 300, lam 30, alif 1. An sami 1331 ta Hijira. Mai son ya mai da ita shekarar boko sai ya tuna shekarar Hijira ta gaza da kwana 11, saboda haka kowace 33 ta Hijira 32 ce ta boko. A raba 1331 da 33, a sami 40. A ɗebe 40, saura 1291. A ƙara 622, ya zama 1913. Watan kuwa Rabi'ul Awwal ne. Ashe tsohon ya gama biyan kansa 'yan watanni kafin daminar da ta ƙi, ya shiga 'yanci da yunwa tare, a zamanin Sarkin Kano Abbas.

Takarda ta biyu ta 1337 ce, shekarar da annobar mura ta 1918 ta ratsa ƙasar. Tsohon ubangijin ya rasu, aka zo rabon gadonsa. Magada suka so a sa gonar rijiya cikin dukiya. Abdullahi ya ce a'a, gayaunarsa ce tun yana bawa, kuma ran da ya gama fansa mamacin ya ba shi ita kyauta, saboda rijiyar da ya haƙa wa gidan bai karɓi ko wuri ba. Mutum biyu adilai suka shaida sun ji kyautar da kunnensu, sun kuma ga ya riƙe gonar tun mai kyautar yana da rai, wanda shi ne sharaɗin cikar kyauta. Alƙali ya fitar da ita daga gado.

Malam ya ɗaga kai ya ce, "Ga gonarka. Amma ka ga takardun biyu a ɗinke su ke. Ba yadda za a karanta ta biyu ba a ji ta farko ba."

Tela ya kwana a birni. Da safe ya koma gida, ya shiga ɗakin gwaggo, ya zauna a bakin ƙofa, ya ce, "Gwaggo, na ga Dangana."

Mazari ya tsaya. Tsohuwa ta daɗe ba ta yi magana ba, sa'an nan ta ce, "Shekara saba'in ban ji sunan nan a bakin mutum ba." Ta ce ta sani, uban Tela ma ya sani. Zancen almajirin gabas uwarsu ce ta ƙaga shi, lokacin da aka zo neman auren gwaggon, kuma tsohon bai taɓa faɗar sa da bakinsa ba, bai kuma ƙaryata ba. Ta ce abin da ya ke tunawa na garinsu kaɗan ne: duwatsu, da wata mace mai ɗauke da tulu tana gudu, da hayaƙi. Ƙirgan awaki kuwa shi ne iyakar abin da ya rage masa na harshen uwarsa, daga ɗaya zuwa goma. Ta ce, "Har ya mutu yana ajiye da wata 'yar takarda cikin laya a wuyansa. Mun ɗauka ta tsari ce. Da ita aka... a'a, an cire aka ba ubanka, ban san inda ya kai ta ba."

Ƙanen Tela da ya ji, sai ya tashi da faɗa. Ya ce gara gonar ta tafi. Yana da 'ya'ya mata uku ba a aurar ba, kuma kowa ya san garin. Yau a karanta takardar nan a kotu, gobe a yi musu gori a bakin rijiya. Ba za a ce ba shi da hujja ba. Doka ta kashe bauta, amma ba ta kashe bakin mutane ba, har yanzu kuwa akwai gidajen da in an zo neman aure sai sun aika a bincika asali. Tela ya ce shi abin da ya gani a takardar dabam ne. Ya ga yaro wanda aka raba da uwarsa, ya girma ya sayi kansa da ƙarfin damtsensa, wuri a kan wuri, ya tsaya gaban alƙali ya ka da 'ya'yan ubangijinsa da shaidu. In su jikokinsa suka saki gonar don kunyarsa, to, sun sake sayar da shi. Suka rabu ba su daidaita ba.

Akwai kuma wata matsala. A shari'a rubutu shi kaɗai ba ya cika hujja, balle warwaren takarda wadda ba hatimi, marubucinta da shaidunta duk sun rasu. Tela ya san haka, Malam ya gaya masa. Saboda haka bai fara kai ta kotu ba. Ya ɗauki limamin gari, suka tafi da dare wurin babban gidan nan, wajen dattijon da ya fi kowa shekaru a cikinsu, wanda bai taɓa zuwa zaman shari'ar ba, an ce ƙafa ke damunsa. Bayan gaisuwa Tela ya ce, "Baba, na zo da wata takarda, ina so ka fara ji kafin kowa." Liman ya karanta kwafin da Malam ya yi musu, ya fassara.

Dattijo ya rufe fuska da hannun riga. Can ya ce, "Ba ƙafa ta hana ni zuwa kotu ba. Na san zancen nan, ubana yana cikin magadan da aka kayar. Na gaya wa yaran nan su bari, suka ce tsufa ne. In na je na ce aro ne, na yi ƙarya. In na faɗi gaskiya, na tona asirin maƙwabci wanda muka sha ruwan rijiyarsa shekara tamanin. Sai na zauna a ɗaki."

Tela ya ce, "Baba, asirin nawa ne, na kuwa yafe. Ka zo ka faɗa."

Ran zaman kotu aka kawo dattijo a bayan keke. Ya yi iƙirari a gaban alƙali cewa gonar kyauta ce, ya ji daga ubansa. Alƙali ya nemi jin sababin kyautar, aka miƙa takardu, muhuti ya karanta su biyun da ƙarfi, kotu cike da mutane. Tsofaffin nan biyu da suka yi shaidar farko ba su yi ƙarya ba, gonar daga gidan ta fito. Abin da ba su sani ba shi ne ta wace ƙofa. Samarin suka janye ƙara.

Garin ya yi zancen har kaka ta wuce. Waɗansu suka ce Tela ya yi jarunta, waɗansu suka ce ya sayar da mutuncin gidansu da kadada guda ta albasa. Wani gida da ke neman babbar 'yar ƙanensa suka yi sanyi, suka daina aike, ba su faɗi dalili ba. Ƙanen bai sake cin abinci tare da shi ba sai da babbar salla, ita ma gwaggo ce ta tilasta. Yarinyar ta yi aure bayan shekara biyu, a wani gari.

Da rani ya shigo, Tela ya sayi sabon littafi mai layi, irin na 'yan makaranta, ya kira ɗansa ya zauna kusa da shi. Ya fara daga ƙasan shafi, ya rubuta sunayen 'ya'yansa da na ƙanensa, a samansu nasa da na ƙanen, a sama kuma ubansu da baffansu da gwaggo, kowa da shekarar da aka iya tabbatarwa, da inda aka samo ta: wannan daga littafin kotu na 1958, wannan daga bakin gwaggo. Da ya kai layin ƙoli ya rubuta Abdullahi Mai Rijiya, ya ɗan dakata, ya ƙara Dangana a gabansa, da 1913. Yaron ya ce, "Baba, to, na samansa fa?"

Tela ya ce a bar layi biyu ba rubutu. Sa'an nan ya aike shi ɗakin gwaggo da fensir, ya ce ya roƙe ta ta faɗa masa ƙirgan awakin nan, in tana tune, ya rubuta yadda ya ji. Ta tuna har bakwai.